Ranar Da Inna Ta Kira Sunan Ɗan Fari

A gidanmu, da ke bakin hanyar Doma, Inna ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba. Ɗan fari ne, mu kuma Fulani ne, kunyarsa take ji kamar suruki. In za ta ba shi abinci sai ta ce a miƙa wa wancan.

Shekarar da aka ɗauke shi gudun dogon zango a gasar wasannin ƙasashen Afirka, ni na zama gidan rediyon unguwa. Babu mai shayin da ban faɗa wa ba cewa mutumin da ya tashi yana bin shanu har Adogi ba ya dawowa hannu rabbana. Bakina ya kai inda ƙafar Yaya ba ta kai ba.

Inna kuwa ba ta da damar tambaya. Sai ta samo dabara: kullum da safe tana dama fura za ta ce in duba waya, Najeriya lamba nawa ta ci yanzu. In karanto mata zinariya kaza, azurfa kaza, mun hau, Masar ta yi mana nisa. Matar da ba ta san inda Masar take ba! Sai ta zuba mini ido tana jiran in ƙara wani abu.

Ranar gudunsa jadawalin lambobin ya motsa, amma 'yan kokawa ne suka motsa shi. Yaya ya zo can baya. Na karanta mata lissafin, ban ƙara komai ba, ita ma ba ta sake tambaya ba.

Kunya ta kama ni sosai. Na daina bi ta gaban mai shayi. Da Yaya ya sauka a tasha da jakarsa guda, na ɗauko shi a babur ta lungu, shi ma bai tambaye ni dalili ba. A hanya ya ce ya gama da gudu, rugar kawu zai koma.

Ashe mutane na ƙofar gida. Maƙwabciyarmu mai sayar da doya, Batibiya ce, tsakanin Fulani da ƙabilarsu akwai wasa, ta tare shi tana dariya.

"Ɗan Fulani, ina gwal namu? Ko saniya ya cinye?"

Wasa take yi, amma aka kwashe da dariya. Yaya ya sunkuyar da kai. Ni da ya kamata in rama masa, na tsaya ina gyara madubin babur.

Sai ga Inna ta fito da ƙwaryar fura, mayafinta a karkace. A gaban kowa ta kira sunansa, cikakke.

"Ka sha hanya. Zo ka zauna kusa da ni."

Dariyar ta tsaya. Yaya ya waiga bayansa, yana neman wanda ake kira.