Ranar da Ƙugiyoyin Malam Suka Zube

Ɗalibai ne suka raɗa masa Malam Ƙugiya, shi kuwa ya karɓa kamar gadon uba. Tun gashinsa na baƙi yake koyar da Turanci, kuma ba ya wasa da ƙananan kalmomin nan masu riƙe sunaye a jimla. Su yake kira ƙugiya. Yakan rataya hularsa da jakarsa a ƙusa ɗaya, ya ce, "In tafiyarsu ɗaya, ƙugiya ɗaya ta ishe su. In ba haka ba, kowa tasa. Kai mai kan tulu, maimaita!"

Wata safiya ya tashi ya ji hannunsa na dama kamar na aro. Ya cusa shi a aljihu bai gaya wa matarsa ba, don ita ko atishawa ya yi sai ta tara dangi.

A aji ya buɗe baki, sunaye suka fito tsirara: littafi, tebur, akwati. Ƙugiya ko ɗaya babu. Ya laluba, kansa wayam kamar ɗakin da ɓarayi suka share. Gumi ya karyo masa. Ga hedimasta tsaye a taga, mutumin da ya daɗe yana neman dalilin sallamar tsofaffin malamai.

Yara suka ɗauka tarko ne irin nasa, suka yi ta ɗaga hannu suna cike masa gurbi.

"Sabon salo ke nan, Malam? Madalla!" in ji hedimasta, ya wuce.

Ya tsira da aikinsa, ya kama hanyar gida. Can ya tarar abin ya bi shi har cikin Hausa.

"Ruwa... kofi... ni," ya ce wa matarsa.

"Yau kuma ni ce ɗalibar? Malam, ni fa ban yi rajista ba."

Bai yi dariya ba. Ta dube shi da kyau: leɓe ya karkace, hannu na aljihu. Ta zaro hannun, ta saki, ya faɗi kamar tsumma.

"Innalillahi! Tun yaushe?"

"Hedimasta," ya ce, idonsa ya ciko. "Gobe... aji..."

"Aji ya ci kansa! Tashi, asibiti."

Hularsa da jakar makarantarsa na rataye a ƙusa ɗaya bayan ƙofa. Ta ciro hular ta kafa masa a ka. Ya miƙa hannun hagu wajen jakar, ya tsaya, ya janye. Suka fita suka bar ta a rataye.