Likkafanin da ya rage ƙyalle huɗu

Shekarun baya, ina jin farkon shekarun tamanin ne, ko da yake ba zan rantse a kan shekarar ba, na gama jami'a na samu aiki a wani ofis a nan Madina. Ban fi wata huɗu da farawa ba, kuma a lokacin ko takardar da ba ta shafe ni ba sai na karanta ta sau uku kafin na ajiye.

Gidanmu a unguwar Ƙurban gidan wankan gawa ne. Kakana ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya biyo ta Sudan, ya yi shekaru a hanya. Kwana kaɗan da isowarsu abokin tafiyarsa ya rasu, shi ya wanke shi da hannunsa don bai san wanda zai roƙa ba. Daga nan duk baƙar fatar da ya rasu ba dangi, sai a ce a kira shi. Mahaifina ya gada, da ya rasu ƙaninsa ya karɓi wankan maza, mahaifiyata kuma tana wanke mata. Mu ke daka ganyen magarya, mu tanadi kafur, mu yanka likkafani, mu ɗauki makara zuwa Masallacin Annabi a yi salla, sannan mu wuce maƙabartar Baƙi'a.

Akwai wani akwatin ƙarfe a ɗakin mahaifiyata. Tsofaffinmu sukan wanke farin yadi da ruwan Zamzam, su kawo mata ajiya har ranar da za a buƙata. Ba ta karatu, don haka kowane ƙulli da kalar zaren da ta ɗaure shi.

Wata safiya direban wani gida a unguwar Aƙiƙ, mutumin Nijar, ya zo ya ce tsohuwar gidansu ta rasu. Mun san ta. Ta zo aikin hajji tun tana da ƙarfinta, ta zauna a gidan nan tana raino, har ta raini mai gidan na yanzu da 'ya'yansa. Dada suke kiranta, wato mai raino. Ta sha ce wa mahaifiyata kada wani hannu ya taɓa ta sai nata.

Mahaifiyata ta ɗauko ƙulli mai koren zare ta ce, "Tashi, mai digiri. Larabcina na kasuwa ne, yau naka za a yi amfani da shi."

A bakin ƙofa mai gidan ya tsayar da mu, cikin zafin hantsi, ko kujera babu. Ya ce Dada ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, kuma bai taɓa yi mata ba. Don haka ba zai sa hannu a kan cewa a gidansa take ba. Za a kai ta a ce ba a san ko wace ce ba, a wanke ta, a binne. "Ai duk Musulmi ne, ya Hajja," in ji shi.

Mahaifiyata ta ce da ni, "Gaya masa bai ji kunyar Allah ba."

Ni kuwa na gyara murya na ce masa mahaifiyata tana neman alfarma, idan ba damuwa, ko za a iya sake duba lamarin.

Ta juyo ta dube ni. "Na ce maka Larabcina na kasuwa ne, ban ce maka kurma ce ni ba."

Ta kwance ƙullin a gabansa, ta yi masa magana da kanta, rabi Larabci rabi Hausa. A gidanmu ƙyalle biyar ake yi wa mace. Ta ƙirga masa: huɗu. Ta ce, "Ka san ina na biyar yake? Ranar da aka haifi ɗanka na fari bai zo da rai ba, kana zaune kana kuka, wa ya naɗe shi? Ita ta zo da gudu ta ce in yanko mata daga nata, wai jaririn gidansu ba zai tafi a yadin kanti ba. Shi ne yau ba ka san ta ba?"

Na ɗauka zai karye. Ya dubi ƙasa, ya ce, "Allah ya saka mata. Amma ni ba zan sa hannu ba. In kuna so ku ɗauke ta, ga ta nan."

Saura a samu ɗan ƙasa da zai tsaya ya ce ya san ta, a ba da takardar binnewa. Ƙanin mahaifina yana Makka. Ni kaɗai na rage mai takardar ɗan ƙasa, kuma nan ne nake jin kunyar ba da labarin. Na fara lissafin abin da zai biyo baya: a tambaye ni me ya sa ban taɓa kai rahoto ba, maganar ta kai ofishinmu, inda ko sana'ar gidanmu ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Na ce, "Inna, bari mu ɗan yi nazari tukuna."

Ta ce, "Yi nazarinka. Rana ma za ta jira ka, gawar ma za ta jira ka. Kakanka da ya wanke abokinsa, wane ofis ya tambaya?"

Na sa hannu. Ba zan ce don jarumta ba ne, ina jin tsoron idonta ne ya rinjayi tsoron ofis. An yi mini 'yan tambayoyi, aka ba ni takarda, kuma har yau ba abin da ya same ni. Amma jan ƙafata ya sa sallar Azahar ta wuce mu, sai La'asar aka sallace ta. Mahaifiyata ta wanke ta, ta yi mata kitso uku, ta buɗe akwati ta yanko ƙyalle na biyar daga nata likkafanin.

Mata ba sa shiga Baƙi'a, don haka ba ta ga abin da na gani ba. Muna fitowa daga masallaci sai ga mai gidan cikin farar riga mai ƙamshi, ya kama makarar ta gaba. Bayan an rufe kabari ya tsaya a sahun masu karɓar gaisuwa, mutane suna yi masa ta'aziyyar Dadarsa, suna yaba masa riƙon amana. Layi ya kawo kaina. Na miƙa masa hannu, na ce Allah ya ƙara lada.

Na daɗe ina gaya wa kaina maƙabarta ba wurin faɗa ba ce, kuma watakila haka ne. Amma ba wanda ya ce sai na yi faɗa. Janye hannu kawai ya isa, ban janye ba. Shi ya ƙi sa hannu don matar da ta goya shi, ni kuma na ba shi nawa hannun a kan kabarinta. Duk lokacin da na tuna, sai in rasa haushin wa na fi ji.

Na yi wa mahaifiyata alkawarin zan kawo mata sabon yadi daga Makka in cika mata nata. Na yi ta jiran lokacin da ya dace. Ranar da ta rasu, matan da za su wanke ta suka kwance ƙullinta, suka leƙo suka ce da ni huɗu ne.