Ranar da Aka Naɗe Gemun Tsoho

Addi u Muha bai gaji gona mai faɗi ba. Abin da ubansa ya bar masa a ƙauyen Tagunt shi ne alfadara mai taurin kai, itatuwan tuffa goma sha ɗaya can ƙasan rafi, da muƙamin amazzal, mai raba wa gari ruwa. Shekara ashirin da shida yana riƙe da shi, kuma in ka cire rabon faɗa, aikin kallo ne kawai.

Abin kallon shi ne Gemun Tsoho, wani tsiri na dusar ƙanƙara da ke maƙalewa a tsagin dutsen da ke fuskantar gari bayan ko'ina ya narke. Tun kakanni, muddin gemun nan yana fari, ba mai jera duwatsu ya tare rafi ya karkatar da shi gonakin sama. Kowa ya yi haƙuri da 'yar magudanarsa, har ranar da amazzal zai tsaya a ƙofar masallaci ya ce, "An aske Tsoho."

In ka kuskura ka tambayi Addi dalili, to shayinka ya huce. Zai gaya maka yadda kifin nan mai jan ɗigo-ɗigo ke binne ƙwansa cikin tsakuwa da sanyi, yadda 'ya'yan ke fitowa kamar allurai idan ruwan narke ya gangaro fari-fari, suna cin 'yan ƙwarin da ke manne a ƙarƙashin duwatsu. Sai sun kai tsawon yatsa suke iya haurawa tafkin da ke saman gari. Ka tare rafi kafin nan, ka dafa su a kududdufi. Yana faɗa idonsa na kawo ruwa. Tuffa kuwa bai taɓa ambatonta ba, ko da yake har awakin Tagunt sun san cewa ranar da aka tare rafi, ranar itatuwansa ke fara azumi.

Shi kansa ya yarda don kifi yake yi. Mutum in ya daɗe yana ba da labari ɗaya, shi ne na farkon gaskata shi.

A bana sama ta yi rowa. Ƙanƙarar tafki ta tsage tun sha'ir bai kai idon sawu ba, Tsoho kuma ya fito da gemu irin na saurayin da ke neman a ce ya girma. Bassu, mai gonar sha'ir mafi girma a sama, ya riga ya tara duwatsunsa a bakin rafi, kullum yana zaune a kansu kamar kaza.

"Dda Addi, tsohonka fa aski ya kusa," in ji shi wata Laraba, har da "Dda" ɗin da ake girmama manya da shi. "Ko in ara maka aska?"

"Riƙe abarka, ɗan baffa. Gaggawa ce ta sa kanka ya riga gemunka tsufa."

Addi ya yi dariya, amma a ransa ya riga ya auna. Kwana huɗu gemun zai ƙare. Kifayen na bukatar ashirin. Tuffa ma, abin mamaki, ashirin take bukata ta gama ɗaure 'ya'ya.

Washegari ya ɗaura wa alfadara mangala ya ce zai hau ya duba Tsoho da idonsa, kamar yadda aikinsa ya tanada. A cikin mangalar akwai farare barguna uku na matarsa Itto, waɗanda ta saƙa da ulun tumakinta, ta ajiye a akwati ba ta fitarwa sai baƙon da ya isa. Ya shimfiɗa su a tsagin, ya danne da duwatsu, ya ja baya ya duba. Wallahi ko ubansa bai taɓa ganin gemu mai kyan wannan ba.

Mako ya wuce, na biyu ya kama. Rana na ƙona ƙeya, Tsoho ko gashi ɗaya bai zubar ba. Liman ya ce albarka ce. Masu gonakin ƙasa suka ce ƙwarai kuwa albarka ce, suna sauke ido. Bassu ya daina zolaya, ya koma kallon dutse da hannu a goshi.

Maza sama suke kallo. Mata kuwa hannunsu na cikin ruwan. A wurin wankin ulu, Tuda matar Bassu ta ɗago hannayenta ta juya su gaban Itto.

"Lalla Itto, ke da kike kwana da mai ilimin ruwa, ki tambayar mana shi. Wace irin ƙanƙara ce ke aiko da ruwan wankan jariri? Bara war haka yatsuna ba sa lanƙwasuwa. Dubi gansakuka har ta fara kama duwatsu."

"Ni ina ruwana da ruwa? Ki tambayi mijinki, shi da ya kwanta a kan ƙwai."

Aka kwashe da dariya. Amma Itto na komawa gida ta ja akwatin nan za ta share bayansa, sai ya biyo ta ba nauyi. Ta buɗe. Ta fita tsakar gida ta daɗe tana kallon dutse. Mace ta san saƙarta ko daga ina.

Da yamma Addi ya dawo gida. Ta ba shi burodin sha'ir da man zaitun kamar kullum, har da ƙarin sukari a shayi, shi kuwa gogan yana ta jin daɗi. Ba ƙaryar ce ta ci mata rai ba, shekara talatin tana zaune da ƙananan ƙaryoyinsa. Ulunta ne a rana, ƙarƙashin kashin hankaki.

Ranar Juma'a maza na fitowa daga masallaci, wani ya nuna dutse da yatsa. Gemun Tsoho yana motsi. Gefen hagu ya ɗaga, ya kaɗa sau biyu cikin iska, ya ninku gida biyu, ya ninku gida huɗu. Liman ya fara salati. Sai na tsakiya ya bi sahu. Kafin na uku, mai raunin ido ma ya gane ɗigo biyu baƙaƙe da ke aikin, ɗaya da jan ɗankwalin Itto, ɗaya Tuda ce ta kama mata gefe.

"Dda Addi," in ji Bassu a hankali, "sanar mana da askin Tsoho mana. Ko sai an kai shi akwati?"

Dattawa ba su ɓata lokaci ba, tunda ga kowa a wurin. Masu gonakin ƙasa, da suka sha ruwan mako biyu a bagas, su suka fi kowa ɗaga murya da Allah wadai. Addi ya buɗe baki ya ce, "'Yan kifin nan..." Wani daga baya ya ce, "Masu ganye ko masu ƙaya?" Aka karɓe muƙamin aka ba Bassu, kafin la'asar an tare rafi.

Cikin kwana biyar rafin ya koma kududdufai masu ɗumi, kore shar, kwaɗi na biki. 'Yan kifin suka taru a 'yar inuwar da ta rage suna buɗe baki a saman ruwa. Itatuwan Addi suka fara zubar da 'ya'ya ƙanana kamar ƙwallon dabino.

Ya ɗora wa alfadara jarkoki biyu ya sauka rafi, da niyyar ɗebo wa tuffa abin da ya saura. Ya tsoma ta farko, ya leƙa ciki, ya ga allurai sun kai hamsin suna zagaye. Ya tsaya. Gona na hannun dama, tafiyar shan shayi ɗaya. Tafki na hannun hagu, hawan sa'a biyu. Ya zagi kifayen, ya zagi ubansa da ya koya masa labarinsu, ya juya kan alfadara hagu.

Sawu biyu kullum, kwana tara. A bakin masallaci aka ce neman muƙaminsa yake, Bassu ya ce ai in da gaske don kifi ne da ba ta tsakiyar gari zai riƙa bi ba. Akwai wata hanyar ta bayan makabarta, gaskiya ne, kuma ta fi kusa. Addi ya san da ita. Kullum in ya zo mararraba sai ya ce gobe.

A rana ta tara Itto ta tare shi a ƙofa, ta leƙa jarka.

"Nawa suka kai da rai?"

"Rabi. Wataƙila."

"Tuffa fa?"

"Uku sun bushe."

Ta miƙa masa burodi a ƙunshe. "Ka jiƙa buhu ka rufe jarkar, rana na dukansu. Buhu na ce, Addi, ba bargona ba."