Kafin Ta Zama Mushe

Shekarar da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu na wajen Burkusuma, mata suna ɗaukar tukwane, ni zomanyata na fara sawa cikin kwali. Muka sauka Sabon Birni gidan yayan maigidana, aka ba mu ɗaki kusa da turken tumaki. Maigidana bai yi wata ba ya tsallaka Maraɗi neman aiki, ya bar ni da ita.

Ba don nama nake kiwon ta ba, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Fara ce, kunnenta ɗaya baƙi. In na zauna tsintar wake sai ta zo ta ɗora haɓarta bisa ƙafata. Facalata, matar Yaya, ta kan ce, "Macce da furfura tana renon abin miya!" Ni kuwa in ce ta ji da tukunyarta.

Zawon da ya kama ta, laifina ne. Ruwan farko ya sauka, ciyawa ta tsiro bayan gida, na yanko ta da raɓarta na jibge mata, dabbar da ta yi watanni ba ta ci ɗanye ba. Washegari na iske ta dunƙule a kusurwa tana cizon haƙora, gindinta da ƙafafun baya duk sun ɓaci da kashi ruwa-ruwa. Ƙudaje sun riga ni zuwa.

Ranar kasuwa ce, sai na nufi malamin dabbobi da ke zama bakin kara, inda ake sayar da dabbobi. Da ya ji zomo ne sai da ya yi dariyarsa ya ƙoshi. Lokacin ina shekara ta biyu a makarantar yaƙi da jahilci. Na ciro littafina na ce in ya gama dariyar ya faɗa mini sannu-sannu. Na rubuta da hannuna mai karkata: a janye ɗanyen ganye, a ba ta busassar harawa, ruwan gishiri da sukari da sirinji kaɗan-kaɗan ta gefen baki, kada a kuskura a ba ta kafson mutane.

Harawar gidan tana bisa rufin soro, ta ragon Yaya ce. Na roƙe shi dunƙule guda. Ya leƙa ɗakin, ya toshe hanci.

"Kawo ta in yanka tun tana motsi. In ta mutu da kanta mushe ce, ko kare sai ya yi shawara."

"Yaya, ba za a yanka ta ba."

"Ke kin fi ni sanin dabba?"

"Wagga dai na fi ka."

Na kafa tsani na hau na fizgo harawar da kaina, yana tsaye.

Ba mugu ba ne, kada in yi masa ƙarya. Haka muka tashi. Dabba in ta kwanta ciwo, wuƙa ake fara nema kafin magani. Ni kaina na sha kwarara ihu a kawo wuƙa kan akuya. Amma wannan ba akuyar kowa ba ce.

Kwana uku ban da wani aiki. In wanke mata gindi da ruwan ɗumi, in tsane da tsumma har ya bushe sarai, don in ka bar danshi ƙuda zai saka tsutsa. In naɗe ta cikin zane kamar jinjiri, in ɗiga ruwan, rabi ya shiga rabi ya bi hannuna. Ta rame har ƙashin bayanta yana sukar tafina. Kowace safiya Yaya zai wuce ya tsaya bakin ƙofa: "Tana nan?" In ce tana nan. Ya ce, "To, wuƙata ma tana nan."

Rana ta huɗu da hantsi na ji ƙurus-ƙurus. Harawa take ci. Can na ga kashi a bayanta, 'yan ƙanana, busassu. Na kwashe su a tafin hannu na kai wa facalata har gindin murhu. Ta kau da kai. "Ke da ƙazanta! Fitar mini da shi daga nan." Ba ta duba ba. Yaya kuwa ya tafi gona.

Ranar muke da jarrabawa bayan azahar. Na ja ƙofar na ce, "Za ni makaranta in dawo, kada kowa ya shiga."

Da na dawo, fatarta na fara gani, an shafe ta da toka an shanya bisa danga.

Yaya yana zaune bisa tabarma, fuskarsa sai walwala. "Ki gode Allah na dawo da wuri. Na leƙa na iske ta yashe bisa gefe, ƙafafu a miƙe, ido a lumshe. Da na tsaya ko alwala, da kin yi asara."

Zomo mai ciwo ba ya kwanciya haka. Dunƙulewa yake. Sai ya ƙoshi, cikinsa ya lafa, ba ya tsoron komai, sannan yake yar da kansa bisa gefe ya miƙe ƙafafu. Kwana uku kwanciyar nan nake jira, kuma ban gan ta ba. Shi ya gani.

Na faɗa masa haka, da ƙarfi, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Na ce barci take, ta warke, ka yanka mai lafiya.

Sai ya ce, "To ai kin ga naman ma ya fi tsarki."

Facalata ta kawo mini cinya a kwano, wai rabon mai dabba. Na mayar mata har murhu.

Shekara biyu na ƙara a gidan, don ba mu da inda za mu. Kowace safiya sai na durƙusa na gaishe shi. Har yau in an taru ana hirar kiwo, yakan ba da labarin ranar da ya cece ni daga asara, mutane suna gyaɗa kai.