Inuwar Maharbi da Ƙofar Baffa Bello

Idan aka tambaye ni inda na koyi aikina nakan ce a jami'a, don a bar ni in huta. Amma tun kafin in san hanyar jami'a na riga na ga ana yin sa, a gindin murhun kakata Inno, a gidanmu na Ƙofar Dundaye. Lokacin ina 'yar firamare, mai surutu kamar an kunna rediyo.

Da sanyi, idan an sauke tuwo an yi isha'i, Inno ba ta yarda a kashe garwashi. Sai ta kwashe shi a kasko, ta ja tabarmarta, mu jikoki mu kewaye ta, kowa yana tura gyaɗarsa cikin toka. Har yau idan na lumshe ido ina ganin fuskarta, rabi ja rabi duhu, da mazarinta yana juyawa a hankali, da taurari sun sauko har kamar a kan katanga suke zaune. Ƙamshin gyaɗa da na hayaƙin ƙirare sukan haɗu su sa mutum ya rasa ko a farke yake ko ya fara mafarki. Abu ɗaya ne ya dame ni. Tsakar gidanmu da faɗi, amma a shekarar nan Inno ta ƙi ko'ina sai lungun da iska ta fi kaɗawa, daidai ƙofar ɗakin Baffa Bello.

Baffa Bello ƙanen mahaifina ne, autan Inno. Soja ne. An kai su yaƙi wata ƙasa ta bakin teku, ya dawo da hannuwansa da ƙafafunsa lafiya lau, har aka yi sadakar waina don murna. Murnar ba ta daɗe ba. Ba ya barci. Idan kwano ya faɗi sai a gan shi kwance a ƙasa yana kare kansa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce hannu aka sa masa. An sha rubutu, an yi hayaƙi, abin sai gaba yake. Ya bar aikin, ya bar masallaci, daga baya ya rufe ƙofa, sai dai a ajiye masa abinci a bakinta. A kwanakin nan ne Inno ta ari wuƙarsa wai za ta yanka kuɓewa, ba ta mayar ba. Igiyar guga ma ta koma ƙarƙashin gadonta, duk mai son ruwa sai ya je ya roƙa. Mu dai muka ce tsufa ne ya fara taɓa ta.

Inno tana da tata hanyar buɗe tatsuniya. Takan gyara murya ta ce, "Ga baƙuwa ta zaka, tana bakin ƙohwa. Wa ad da gida?"

Mu haɗa baki mu ce, "Muna nan, ta shigo!"

Sai ta ɗan karkata kai wajen ƙofar da ke bayanta. "Bello, kai hwa?"

Akan ɗan jima. Sannan daga ciki a ji murya ƙasa-ƙasa: "Ina nan, Inno."

Na taɓa ce mata ai Baffa babba ne, ina ruwansa da tatsuniya. Ta harare ni ta ce, "Ke Kulu, bakinki ya hi ki girma. Baƙuwag ga kumya gare ta. In mutum guda cikin gida bai amsa ba, ba ta shigowa."

Tatsuniyar da ta riƙe mana duk sanyin nan ta wani maharbi ce. Dodo ya tare wa garinsu gulbi, maharbin ya tafi ya yi ta fama da shi har ya kashe shi. Amma garin kokawa inuwarsu ta sarƙe, da ya juyo gida sai inuwar dodon ta biyo shi, tasa kuma ta tsaya can bakin gulbi. Ya shigo gari da rana tsaka, mutane suka fito tarbarsa da kiɗi, suna duban ƙasa suka ga ƙaho da farata. Kowa ya ranta a na kare. Shi kansa da ya waiwaya ya tsorata, ya shige kogon kuka ya ƙi fitowa. Wata tsohuwa ce kaɗai ba ta gudu ba. Kullum da yamma takan hura wuta a bakin kogon ta zauna, ta ce masa idan ya fuskanci wutar inuwar za ta koma bayansa, ya samu ya ci abinci. Ta kuma gaya masa cewa tasa inuwar tana hanya, tana nemansa, sai dai tafiyar inuwa ba sauri.

Daga nan ne Inno ta mayar da mu 'yan kallo. Kullum sai mu tambaya, "Inno, yau ina inuwa tak kwana?" Yau ta hau raƙumin fatake ta yi barci a kan tozo. Gobe ta tsaya kasuwa ta ɓata cikin inuwoyin mutane, sai da kowa ya watse ta gane kanta. Wata rana hadari ya rufe rana, ta kasa ko motsi. Akwai daren da ta shiga kwalekwale, ta ga wata a cikin ruwa ta tsaya hira da shi har gari ya waye. Nakan yi barci ina ganinta, siririya, tana tafe a kan yashi ba ta barin sawu. Haushi kuma yana cina, don na lura duk sanda ta kusa gari sai Inno ta ƙirƙiro mata wani gulbin.

Ranar da ba na mantawa, Inno ta yi mana alkawari tun da rana cewa yau inuwa za ta hango ganuwar gari. Ko tuwo ban ci na kirki ba. Muka zauna, ta yi sallamar baƙuwarta, muka amsa. Ta ce, "Bello, kai hwa?"

Shiru.

Ta sake kira. Shiru. Mazarin ya tsaya. Ni kuwa ba wannan ne a gabana ba, tatsuniyata ce za ta salwanta. Na tashi na je na dinga dukan ƙyauren da tafin hannu ina kuka ina masifa. "Baffa ka amsa mana! Kullum kai ka jan rai! Yau ta kusa isowa, kai kaɗai aka jira!"

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na dai ji motsi, na ji an zare sakata. Muryarsa ta fito kamar ta wanda aka tasa daga barci mai nauyi: "Ina nan. Bari kuka, Kulu. Ina nan."

Na koma na zauna ina share hanci, ina jiran a fara. Inno ba ta fara ba. Ta miƙe, ta ɗauki kaskon wutar da kanta ta shiga ɗakin, ta aika a kira mahaifina. Mu aka kora mu kwanta. Na yi fushi da ita har washegari, ko gaishe ta ban yi ba, ita kuwa ba ta ma lura ba, don da sassafe suka sa Baffa a mota suka kai shi asibiti. Ya yi makonni can. Da ya dawo yana shan magani, yana komawa ganin likita, a hankali ya fara zama da mu a bakin wuta, can gefe, bayansa jingine da bango. Inuwar maharbi kuwa ba ta taɓa isowa ba. Har Inno ta rasu tana hanya.

Da na gama sakandare na ce zan karanci aikin jin daɗin jama'a, in yi aiki da masu ciwon ƙwaƙwalwa, gidanmu ya ɗauki zafi. Mahaifina ya tara mu a zaure ya ce shi malanta ya zaɓa mini, ba zai zuba ido 'yarsa ta ƙare a cikin mahaukata ba. Baffa Bello yana wurin. Shi ba mai magana ba ne a taro, amma ran nan ya ɗago kai.

Ya ce, "Yaya, cikinsu nike. Daren da kunka kai ni asibiti da sahe, na riga na gama shirina. Na yi alwala, na roƙi gahwara, ban da niyyar ganin asuba. Ina jin Inno tana kira, na ce ta yi haƙuri. Ɗiyag ga ita tah hana ni. Na ce bari in amsa ta samu tatsuniyatta, in ya so gobe. To goben ta, Allah bai kawo ta ba. Ka bar ta ta tahi."

Sai a lokacin na san abin da na buga wa ƙofa. Na fashe da kuka a gaban manya, ban ji kunya ba. Mahaifina ya dubi ƙanensa. Bai ce ya yarda ba, ya dai tambaye ni yaushe ake fara karatun.

Yanzu shekaruna da dama a sashen gaggawa na wani asibiti a nan Sakkwato, kuma yawancin waɗanda ake kira na dominsu tsofaffin sojoji ne. Wani matarsa ce za ta kawo shi, wani abokin aikinsa na da, wani kuma mu ne za mu bi shi gida don ya kulle kansa. An koya mana mu tambayi mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, mu sa a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, kada a bar shi shi kaɗai, a haɗa shi da likita, a kuma ci gaba da bibiyarsa bayan an sallame shi. Ranar da malaminmu ya zo kan kawar da kaya na tuna da kuɓewar Inno, na yi dariya a aji har aka juyo ana kallona.

Abin da ban samu a littafi ba shi ne haƙurinta. Ina yarinya na ɗauka rowa ce ta hana ta ƙarasa mana labari. Yanzu na gane ba ta san ƙarshensa ba ne, kuma ta ƙi yi wa ɗanta ƙarya. Ni ma ba na ce wa kowa zai koma yadda yake kafin yaƙi. Abin da nake nema a wurinsa kaɗan ne, ya amsa mini yau, ya yarda mu kai gobe tare. Akwai waɗanda suka amsa. Akwai wanda na yi ta bugawa bai amsa ba, kuma har yanzu idan na bi ta unguwarsu sai na tuna da shi. Aikin nan yana da ciwo, ba na ɓoye wa ɗaliban da ake turo mana.

Baffa Bello ya tsufa. Yana da shagon ɗinki a Runjin Sambo, da 'ya'ya, da furfura har a gira. Bai warke sarai ba, idan yara suna fasa abin wasan wuta da salla har yanzu yakan shige ɗaki ya rufe. Makon jiya ya kira ni a waya yana ta faɗa, wai na yi latti a sunan jikarsa, wai aiki ya sa na manta da dangi, wai ko Inno da ta ga haka sai ta saɓa mini. Ina da marasa lafiya suna jirana, ina kuma da amsar da zan ba shi. Ban ba shi ba. Na jingina da bangon ofis na bar shi ya yi ta yi, ina sauraren muryarsa.