Zoɓona da Mutanen Ƙofar Gida

Ina tace zoɓo na ji sallamar maza a ƙofar gida. A Dutse ne, farkon ƙaddamar da shari'ar Musulunci. Ba na son shiga mutane, shi ya sa nake dafawa a ɗaka, mai shago ya sayar mini.

Da na leƙa, sai na ga 'yan kwamitin shari'a ne. Dattijon cikinsu ya ce, "An ce burkutu kike dafawa. Fito da tukunyar."

Na ɗauko, bulala kawai nake hangowa. Ya shinshina, ya ɗanɗana.

"Zoɓo ne. Amma 'yata, mun tambayi unguwar nan kaf, ba wanda ya san ki balle ya shaide ki."

Har yau maganar nan ta fi bulalar ba ni tsoro. Ku masu sana'ar ɗaka, wa zai shaide ku?