Inda Uwar Ruwa Ke Wasa da 'Ya'yanta

Tun ina da cikin fari nake tsoron kada in kasa ɓoye son ɗana. A ƙauyenmu kusa da Sinja ta ƙasar Sudan, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane.

Wata rana muna wanki bakin kogi, mata suka gan ni ina sumbatar ƙafar jaririn. Suka fashe da dariya, na rasa inda zan sa fuskata. Haboba, kakar mijina, ta matso tana ƙamshin jabana, gahawar da muke sha.

Ta ce, "Ya bitti, 'yata, wa ya taɓa ganin 'ya'yan Uwar Ruwa? Can ƙasa take wasa da abinta, ta bar mu da kallon saman ruwa." Sai ta ware mayafinta ta rufe mu. "Nutse, ki ƙarasa."

Ita na tuna jiya da yaron ya ce, "Yumma, mi ya sa ba ki kiran sunana?" Kunya ta kama ni. Na jawo mayafina na rufe mu, na faɗi sunan a kunnensa.

Haboba ta riga mu gidan gaskiya. Allah ya lulluɓe ta da rahama yadda ta lulluɓe mu. Don Allah, wanda ya karanta ya yi mata Fatiha.